Rigar Ruwan Mai Keke: Kimiyyar da ke Cikinta da Yadda Ake Zaɓenta da Kuɗi Kaɗan

Mai tuƙa keke a cikin ruwan sama yana tsakanin ruwa biyu ne. Akwai wanda ke sauko masa daga sama, akwai kuma wanda jikinsa ke fitarwa, wato gumi. Tare ruwan farko abu ne mai sauƙi, domin ko babbar leda aka yanke wa wuya aka zura, za ta yi wannan aiki. To amma duk wanda ya taɓa tafiyar kilomita biyar a kan keke cikin leda ya san yadda ake isa: riga sharkaf, kamar ba a sa komai ba. Ruwan sama bai shiga ba, gumi ne ya rasa hanyar fita. Masana kimiyyar yadi sun shafe kusan shekara 200 suna fama da wannan matsala, kuma har yanzu rage ta kawai suka yi, ba su kawar da ita ba.

A yau kasuwanni cike suke da riguna waɗanda masu yin su ke cewa ruwa ba ya ratsa su, kuma wai suna "numfashi". Wasu farashinsu ya kai na keken kansa, wasu kuwa ba su kai kuɗin taya ɗaya ba. Ɗalibin da ke zuwa makaranta a kan keke da damina, da malamin da albashinsa ba ya ɗaukar sayen riga sau biyu, suna bukatar sanin abin da ake biya wa kuɗin nan, da abin da za a iya haƙura da shi ba tare da an cutu ba.

Dalilin da ya sa mai keke ke gumi

Jikin ɗan Adam inji ne, amma inji mai yawan asara. Daga cikin ƙarfin da tsoka ke samu daga abinci, kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ne kawai ke zama aikin juya feda. Sauran duk zafi yake zama. Alal misali, mai keken da ke tafiya a tsanake yana ba fedarsa ƙarfin wat 100, jikinsa kuwa yana haifar da zafi na wat 300 ko fiye. Idan ya fara hawan tudu ya ninka ƙoƙarinsa, zafin ma zai ninka. Dole ne wannan zafi ya fita, in ba haka ba zafin jiki zai wuce digiri 37 da ya saba zama a kai.

Babbar hanyar da jiki ke bi ita ce gumi. Sai dai fitowar gumin kaɗai ba ta sanyaya jiki. Bushewarsa ce ke sanyayawa. Kafin giram ɗaya na ruwa ya zama tururi a kan fata, sai ya kwashi zafi kimanin jul 2,400. Wannan ita ce hikimar randa da tulu: ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ruwan da ke ciki ya yi sanyi. Idan aka shafa wa randa fenti aka toshe ƙofofinta, ta daina sanyaya ruwa ke nan. Haka abin yake ga mutumin da ya shiga leda.

Lissafin ba shi da wuya. Zafin wat 300 a cikin awa ɗaya ya kama jul 1,080,000. Idan aka raba wannan da 2,400, za a ga cewa sai gumi giram 450 ya bushe kafin wannan zafi ya fita, in da ta hanyar gumi kaɗai zai fita. Iska tana ɗauke wani kaso, amma rigar ruwa tana tare iska. A wajen hawan tudu kuwa, ba abin mamaki ba ne mutum ya fitar da lita guda ta gumi a cikin awa ɗaya. Ya kamata mai karatu ya riƙe waɗannan alƙaluma, domin za a dawo gare su.

Daga roba zuwa tantani

A shekarar 1823 wani masanin haɗa magunguna a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan, mai suna Charles Macintosh, ya sami takardar mallakar wata ƙirƙira. Ya narkar da roba a cikin nafta, wani mai da ake samu daga kwaltar kwal, ya shafa ta tsakanin yadi biyu ya manne su. Ruwa ba ya ratsa wannan yadi, kuma har yau Turawan Ingila suna kiran rigar ruwa da sunansa. Amma rigunan farko suna da wari, suna sandarewa cikin sanyi, suna danƙo cikin zafi, sa'an nan duk inda allurar tela ta bi, nan ruwa ke bi. An gyara matsalar sandarewa da danƙo a shekarun 1840, lokacin da Thomas Hancock a Ingila da Charles Goodyear a Amurka suka fito da hanyar dafa roba da farar wuta. Matsalar gumi kuwa tana nan daram.

Mafitar ta zo ne ta wata hanya da ba a zata ba. A 1938 Roy Plunkett, ma'aikacin kamfanin DuPont a Amurka, ya gano wani farin sinadari mai santsi wanda ake taƙaita sunansa da PTFE. Shi ne aka sani da Teflon, wanda ake shafa wa kaskon suya don kada abinci ya kama. Ruwa ba ya son wannan sinadari ko kaɗan. A 1969 wani injiniya mai suna Bob Gore, wanda iyayensa suka kafa kamfanin W. L. Gore a 1958, yana ƙoƙarin miƙar da sandunan PTFE masu zafi. Duk wanda ya ja a hankali sai ya tsinke. Da ya fizgi ɗaya da ƙarfi lokaci guda, sai ya miƙe kusan ninki goma bai tsinke ba. Abin da ya samu wani abu ne mai kama da soso, wanda kimanin kashi 70 cikin ɗari na jikinsa iska ce. Daga nan aka yi siririn tantani aka manna shi a bayan yadi, aka sa masa suna Gore-Tex, ya shiga kasuwa a 1976.

Bisa alƙaluman kamfanin, kowace murabba'in santimita ta wannan tantani tana da 'yan ƙofofi kimanin biliyan 1.4. Kowace ƙofa ta fi ɗigon ruwa ƙanƙanta sau 20,000, amma ta fi ƙwayar tururin ruwa girma sau 700. Abin tambaya a nan shi ne, tun da ɗigon ruwa tarin irin waɗannan ƙwayoyi ne, me ya hana su rarrabuwa su bi ta ƙofofin ɗaya bayan ɗaya? Amsar ita ce, ƙwayoyin ruwa suna riƙe da juna da ƙarfi, shi ya sa ruwa ke dunƙulewa ya zama ɗigo, shi ya sa kuma wasu ƙwari ke tafiya a kan tafki ba su nutse ba. Kafin a tura ruwa ta cikin ƙofa ƙanƙanuwa wadda bangonta ke ƙin ruwa, sai an matsa shi da ƙarfi ƙwarai. Tururi kuwa ƙwayoyinsa a warwatse suke, kowace tana tafiyarta ita kaɗai.

Rigunan farko sun ba da kunya ta wani gefen. Maiƙon jiki da sabulu suna shiga ƙofofin su ɓata musu halinsu na ƙin ruwa, sai riga ta fara yoyo. Saboda haka aka ƙara wani shafe mai siriri na poliyuretan ta ciki don ya kare tantanin.

Wannan ya kawo bayani ga iri na biyu, wanda shi ne ya fi shafar mai ƙaramin ƙarfi. Akwai tantanin da ba shi da ƙofa ko ɗaya, amma duk da haka tururi yana ratsa shi. Ana yin sa da sinadarai masu son ruwa, kamar wasu nau'o'in poliyuretan, ko kuma irin na Sympatex na ƙasar Jamus, wanda tushensa poliyesta ne. Tantanin yana tsotse ƙwayoyin ruwa ta gefen da ya fi laima, su yi ta tsallakawa a cikin jikinsa, su fita ta gefen da ya fi bushewa. Yawancin riguna masu araha shafen poliyuretan ne a bayan yadin nailan ko poliyesta. Tun da wa'adin manyan takardun mallakar Gore ya ƙare a cikin shekarun 1990, kamfanoni da yawa suka shiga sana'ar, kuma tazarar da ke tsakanin mai tsada da mai araha ta ragu sosai. Ya kamata a lura cewa kalmar "numfashi" kalmar 'yan kasuwa ce. Yawancin waɗannan yadudduka iska ba ta ratsa su, don haka hura baki a jikin riga a kasuwa ba ya nuna komai.

Lambobin da ke jikin takarda

Rigar da aka yi da gaskiya takan zo da lambobi biyu. Ta farko tana nuna jurewar ruwa, ana rubuta ta da milimita. Ma'anarta ita ce: a ɗaure yadi a ƙarƙashin dogon bututu, a yi ta zuba ruwa, a ga tsawon da ruwan zai kai kafin ya fara tsattsafowa ta ƙasa. A ɗakin gwaji famfo ake amfani da shi a madadin dogon bututu, amma lissafin ɗaya ne. Milimita 10,000 na nufin ginshiƙin ruwa mai tsawon mita goma, nauyinsa kuwa ya yi kusan daidai da matsin iskar duniya a bakin teku. Ruwan sama shi kaɗai ba ya matsa yadi haka. Inda matsi ke ƙaruwa shi ne ƙarƙashin igiyar jakar goyo, da gwiwar hannu, da wurin zama. Ga mai keke, milimita 5,000 ta isa yayyafi da gajeriyar tafiya, 10,000 kuwa ta isa kusan kowane ruwa. Biyan kuɗi don 20,000 ko fiye aikin masu hawan duwatsu ne da ke kwana a cikin ruwa da kaya a baya.

Lamba ta biyu tana nuna yawan tururin da ke ratsa murabba'in mita ɗaya na yadin a cikin awa 24, ana rubuta ta da giram. Idan aka rubuta 10,000, to a awa ɗaya giram 417 ke nan. Rigar babban mutum tana da yadi kimanin murabba'in mita ɗaya da rabi, wato a takarda za ta fitar da giram 600 da ɗoriya a awa. Mai karatu zai tuna cewa mai tafiya a tsanake giram 450 yake bukata. A bisa wannan, kamar magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba, domin lambar nan tana da rauni. Akwai hanyoyin gwaji fiye da ɗaya. A wata hanyar ana rufe bakin kofi da yadi a ajiye shi a tsaye, a wata kuma ana kifa kofin, kuma yadi ɗaya yana iya ba da lambobi masu nisa da juna dangane da hanyar da aka bi. Kamfani yakan zaɓi wadda ta fi yi masa daɗi, kuma ba kasafai yake faɗin wadda ya bi ba. Saboda haka kwatanta lambar wani kamfani da ta wani kamar kwatanta mudun wata kasuwa ne da na wata. Akwai wani ma'auni da ya fi aminci, wanda ake rubutawa da haruffan RET. A nan ana shimfiɗa yadi a kan wani faranti mai ɗumin digiri 35 wanda ke fitar da tururi kamar fata, a auna yadda yadin ke tare shi. Ƙaramar lamba ita ce mai kyau: ƙasa da 6 ya yi kyau ƙwarai, 6 zuwa 13 ya yi, sama da 20 kuwa mai aiki zai jiƙe da gumi.

Abin da takarda ba ta faɗi ba

Tururi ba ya tafiya haka siddan. Kamar yadda ruwa ke gangarowa daga tudu zuwa kwari, haka tururi ke tafiya daga inda matsinsa ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan. Tantani ƙofa ce kawai, ba ya tura komai. Abin da ke turawa shi ne bambancin ɗumi da laima tsakanin cikin riga da wajenta, kuma a nan ne yanayin ƙasa ke shigowa.

Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi iya ɗaukar tururi nesa ba kusa ba. A digiri 30, iskar da ta ƙoshi da laima tana da matsin tururi kilofaskal 4.2. A digiri 25 tana da 3.2, a digiri 8 kuwa 1.1 kawai. A ɗauka cewa cikin riga digiri 30 ne, laima kuma kashi 90 cikin ɗari, wato matsin tururi 3.8. Mai keke a Ingila ko Holan, a ranar ruwa mai digiri 8 da laima kashi 90, iskar da ke wajen rigarsa tana da matsi kusan 1.0. Bambancin 2.8 ne. Shi kuwa mai keke a Kano ko Maraɗi a cikin watan Agusta, idan ana ruwa a digiri 25 da laima kashi 90, matsin waje ya kai kusan 2.9. Bambancin bai wuce 1 ba. Riga ɗaya, yadi ɗaya, amma a nan kashi ɗaya cikin uku na tururin da ta fitar a can za ta fitar. Kafin ta ƙara, sai cikinta ya ƙara zafi, wanda shi ne abin da mai ita ke gudu.

An ƙera waɗannan riguna ne don ƙasashe masu sanyi, kuma a can suka fi cika alkawarinsu. Wanda ke zaune a wuri mai sanyi kamar Jos zai fi wanda ke Sakkwato cin moriyar tantani mai tsada. A ƙasa mai ɗumi da laima, kuɗin da aka ƙara don babbar lambar tururi kusan a banza suke tafiya.

Ganyen gwaza

Akwai wani abu na uku wanda shi ne ke fara lalacewa. Duk wanda ya zuba ruwa a kan ganyen gwaza ya ga yadda yake dunƙulewa kamar ƙwallayen azurfa ya gangare, ganyen kuma a bushe. Masu yin riga suna shafa wa fuskar yadin wani sinadari don ya yi haka. A jikin takarda akan rubuta shi da haruffan DWR. Wannan shafe ba shi ne ke tare ruwa ba, tantanin da ke ciki ne ke tarewa. Aikinsa shi ne ya hana yadin waje jiƙewa. Idan ya goge, saboda datti da maiƙo da gugar jaka, yadin waje sai ya sha ruwa ya yi duhu. Daga nan tururin da ya ratsa tantani yana fitowa ne ya tarar da bangon ruwa, fitarsa ta ragu ƙwarai. Bugu da ƙari, jiƙaƙƙen yadi yana yin sanyi, tururin ciki ya taɓa shi ya koma ruwa, kamar yadda murfin tukunya ke tara ɗigo. Mai riga ya ji laima ya rantse cewa rigarsa na yoyo, alhali guminsa ne. Riguna da yawa da aka jefar ba su huje ba, wanki kawai suke bukata.

Shekara da shekaru ana yin wannan shafe da wasu sinadarai masu ɗauke da fulorin, waɗanda ake kira PFAS a jimlace. Suna korar ruwa da maiƙo duka, amma ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa, suna kuma taruwa a jikin mutane da dabbobi. An sa wasu daga cikinsu a jerin Yarjejeniyar Stockholm ta sinadarai masu haɗari, kamar PFOS a 2009 da PFOA a 2019. A 2025 Faransa ta yi dokar hana su a cikin tufafi. Kamfanin Gore ma ya sanar da sabon tantani na poliyetilin a 2021, wato dangin sinadarin da ake yin leda da shi. Sababbin shafe marasa fulorin suna korar ruwa, amma ba su kai na da korar maiƙo ba, don haka rigunan yanzu sun fi bukatar wanki a kai a kai.

Inda ya kamata kuɗi su tafi

Hausawa na cewa araha ba ta ado. A wannan fage dai maganar tana da gyara, domin riga mai araha wadda aka ɗinka da hankali takan fi mai tsada wadda ba ta dace da keke ba.

Abin dubawa na farko shi ne ɗinki. Matsalar da ta dami Macintosh tana nan: kowane sukan allura rami ne. A juya riga ciki waje. A kan kowane layin ɗinki ya kamata a ga wani siririn tef da aka manna da zafi. Wasu riguna masu araha a kafaɗu da wuya kawai ake sa musu, sauran a bar su haka. Irin waɗannan sun isa yayyafi, amma ba su isa ruwan Agusta ba. Yadi mai milimita 20,000 wanda ɗinkinsa ba shi da tef bai kai mai 5,000 wanda aka rufe ɗinkinsa duka ba.

Sai zif na gaba, wanda ya fi muhimmanci ga mai keke fiye da mai tafiya a ƙasa. Ɗigon ruwa mai faɗin milimita biyu yana faɗowa da gudun kimanin mita shida da rabi a daƙiƙa. Keke mai gudun kilomita 20 a awa yana cin mita biyar da rabi a daƙiƙa. Idan aka haɗa biyun, ko babu iska, ruwan yana dukan mai keke ne a karkace daga gaba, da kusurwa kusan digiri 40. Ƙirji da hannuwa ne ke shan duka. Don haka a nemi zif mai murfin yadi, ko a samansa ko a bayansa. Wannan murfi ba shi da tsada, kuma sau da yawa ya fi zif mai shafen roba daɗewa.

Na uku, kuma shi ne ya kamata mai sayen riga a ƙasa mai zafi ya fi nacewa a kai, shi ne mashigar iska. Zif a ƙarƙashin hammata, ko tsaga mai murfi a tsakanin kafaɗu ta baya, ko bakin hannu da za a iya sassautawa, duk suna barin iskar tafiya ta shiga ta kwashe tururi ta fita da shi. Mai keke yana da wannan gata, domin gudunsa kansa fanka ne. Tsaga ɗaya da iska ke bi tana iya fitar da laimar da tantani mafi tsada ba zai fitar ba. Bisa wannan hikima aka yi mayafin ruwan masu keke, wanda aka daɗe ana amfani da shi a Ingila da Sin: babban yadi ne mai wuya, yana rufe mutum har hannun keke, ƙasansa a buɗe. Ga gajeriyar tafiya a cikin ɗumi da wuya a sami abin da ya fi shi a farashinsa. Aibinsa shi ne iska mai ƙarfi tana kama shi kamar tanti, kuma idan ya yi tsawo yana iya shiga taya.

Yanka ma abin lura ne. Mai keke a sunkuye yake, hannuwansa a miƙe. Rigar da ta yi daidai a tsaye takan ɗage ta bar ƙugu a waje, hannunta kuma ya ja baya. A gwada ta a sunkuye kamar an riƙe keke. Bayanta ya fi gabanta tsawo, don ya tare taɓon da tayar baya ke watsowa. Kada ta yi faɗin da za ta riƙa kaɗawa, kada kuma ta matse har iska ta rasa wurin zagayawa. Hula abin taka-tsantsan ce: wadda ba ta juyawa tare da kai tana rufe ido lokacin da aka waiwaya a duba mota.

Wannan ya kai ga batun launi, wanda ya shafi rai. A cikin ruwa direba yana kallo ta gilashi mai ɗigo, gari kuma ya yi duhu. Launi mai haske, kamar ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, yana taimakawa da rana. Da dare kuwa launi ba ya aiki, sai zanen nan mai mayar da hasken fitila zuwa inda ya fito. Baƙar riga mai tsada wadda ba ta da shi ta gaza a inda ya fi muhimmanci. Ana iya sayen tef ɗin daban, amma a manna shi, kada a ɗinka.

Game da hawa-hawan yadi, bayani kaɗan ya isa. Mai hawa biyu yadi ne da tantani, sai shafi na raga a ciki; yana da nauyi da ɗumi. Mai hawa biyu da rabi ba shi da shafi, sai ɗan zane da aka buga a kan tantanin. Shi ya fi sauƙin nauyi da farashi, yana naɗuwa ya shiga jaka, amma yana ɗan manne wa fata kuma cikinsa ya fi saurin gogewa. Mai hawa uku an manne masa yadi ta ciki da waje. Ya fi ƙarko, ya fi tsada. Ɗalibi mai tafiyar rabin awa ba ya bukatarsa.

Abin da ke ƙarƙashin riga yana iya ɓata duk wannan. Auduga tana shan gumi ta riƙe, kuma ruwa ya fi iska ɗauke zafi kimanin sau 25. Wanda ya hau tudu ya jiƙa singiletin auduga, sa'an nan ya gangara cikin iska, sanyi zai kama shi ko da ɗigon ruwan sama ɗaya bai taɓa shi ba. Rigar ƙwallo ta poliyesta, wadda kusan kowane ɗalibi ke da ita, ta fi dacewa.

A wajen 'yan gwanjo

Yawancin rigunan ruwa masu kyau da ke isowa kasuwannin ƙasar Hausa a cikin dilar gwanjo suke zuwa, kuma ana iya dacewa. Sai dai poliyuretan yana da shekarunsa. Laima da zafi suna sa ruwa ya riƙa tsinka sarƙoƙin sinadarin a hankali, ko da ba a sa rigar ba. Alamun a bayyane suke: cikin riga yana danƙo, ko yana zubar da farin gari kamar amosanin kai, ko yana wani wari mai tsami, ko tef ɗin ɗinki ya fara ɗagowa, musamman a wuya da kafaɗu inda maiƙon jiki ya fi taruwa. Idan tef ne ya ɗago a wuri ɗaya, ana iya manne shi. Idan shafen kansa ne ke ɓarewa, babu magani. A ɗaga riga a duba ta a hasken rana don ganin ƙananan huji. Suna da aka ɗinka a ƙirji ba shaida ba ne, domin ɗinka suna ba wuya. Cikin riga shi ne shaida. Idan ruwa bai dunƙule a fuskar yadi ba amma ciki lafiya lau, wannan dalilin neman ragi ne kawai.

Wanki kuwa da ruwa mai ɗumi-ɗumi ake yi, da sabulun ruwa kaɗan, a ɗauraye sau biyu, domin ragowar sabulu tana jawo ruwa cikin yadi. Ba a sa bilic, ba a sa ruwan tausasa tufafi, ba a kuma bugu ko murɗawa. Bayan ta bushe a inuwa, ɗan zafi yana farfaɗo da shafen waje: a shimfiɗa tawul a kai a bi da dutsen guga mara zafi sosai, idan takardar jikin rigar ta yarda da guga. A rataye ta a bushe. Cusa ta a jiƙe cikin jaka har kwana biyu shi ne hanya mafi sauri ta kashe ta.

Gwajin da za a iya yi a aji

Malamin kimiyya zai iya nuna wannan duka da kayan da ke hannu. A sami kofuna uku iri ɗaya, a zuba musu ruwan zafi daidai wa daida har rabi. A rufe bakin na farko da leda, na biyu da ƙyallen auduga, na uku da hannun rigar ruwa, fuskar ciki tana kallon ruwan, a ɗaure kowanne da roba. Sai a kifa busasshen kofin gilashi mai sanyi a kan kowanne, a jira minti biyar zuwa goma. Gilashin da ke kan auduga zai yi hazo nan da nan, na kan leda zai zauna garau, na kan rigar kuwa zai yi hazo a hankali idan tantaninta na aiki. Tantani mara ƙofa yakan ɗan jinkirta, domin sai ya fara tsotse laima kafin ya saki. Daga nan a sauya ruwan zafin da mai ɗumi-ɗumi a sake gwadawa, ɗalibai su rubuta lokacin da hazo ya ɗauka kafin ya bayyana a kowane zagaye, su kwatanta da alƙaluman matsin tururi na digiri 30 da 25 da 8 da aka kawo a baya.